Ƙwaya, Filasta, Jel ko Allura: Zaɓin Istrojin da Gwajin Jini ga Masu Sauya Jinsi Zuwa Mace

Duk wanda ya daɗe a bayan kantar sayar da magani a birnin Katsina ya san wani irin mai saye. Yakan zo bayan sallar isha'i, lokacin da ƙafa ta ɗauke, ya nemi kati uku ko huɗu na ƙwayar tazarar haihuwa, ya ce aiken yayarsa ne. Bayan wasu watanni sai a ga fatarsa ta yi laushi, ƙirji ya soma tasowa. Wata rana kuma sai ya shigo yana ɗingishi, sharaɓarsa ɗaya a kumbure tana zafi, yana neman man zafi da maganin ciwon jiki, alhali abin da ke cikin ƙafar gudan jini ne wanda zai iya ɓallewa ya toshe huhu a kowane lokaci. Saboda irin wannan ƙafar na zauna na yi wannan rubutu.

Ban zo da maganar halacci ko haramci ba, wannan fagen malamai ne. Haka kuma kowa ya san yanayin da ake ciki a jiharmu tun da aka ƙaddamar da shari'a a shekara ta 2000, ga kuma dokar tarayya ta 2014 a kan auren jinsi ɗaya, abin da ya sa masu wannan hali suke ɓoye kansu har ga likita. Abin da na sani shi ne jini da hanta da ƙoda, kuma waɗannan ba sa tambayar dalilin da ya sa aka sha magani kafin su lalace. Bayanin na manya ne kawai, kuma yana da amfani ga waɗanda aka haifa mata-maza, likitoci suka cire musu 'ya'yan maraina suka ci gaba da rayuwa a mata, domin su ma istrojin ɗin nan, wato sinadarin da ke fito da siffofin mace, suke sha tsawon shekaru.

Ma'aunin da za a auna kowane zaɓi da shi

Ma'auni na farko, wanda ya rinjayi sauran duka, shi ne haɗarin daskarewar jini a jijiya. Istrojin yana sa hanta ta ƙara samar da sinadaran da ke daskarar da jini, kuma yawan abin da take samarwa ya danganta da irin istrojin ɗin da hanyar da ya bi ya shiga jiki. Abin da aka haɗiye yakan wuce ta hanta gaba ɗayansa kafin ya zaga jiki, abin da ya shiga ta fata kuwa yakan shiga jini kai tsaye. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, wanda ya bi mutum fiye da 2,800 masu sauya jinsi zuwa mace, ya nuna suna samun daskarewar jini fiye da sauran maza da mata, kuma tazarar tana ƙara faɗi da tafiyar shekaru.

Na biyu shi ne ko gwajin jini yana iya ganin maganin. Maganin da ba a iya aunawa, shansa tafiya ce cikin duhu. Na uku shi ne samuwa da tsada, kuma ba tsadar wata ɗaya ba, domin wannan magani ne na shekaru, tsayawa da komawa kuma yana jijjiga jiki da zuciya. Na huɗu shi ne jure zafi, tunda a bazara garin nan yakan haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, alhali takardar cikin kwalin yawancin magungunan nan tana cewa a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Na biyar shi ne sauƙin amfani da rufin asiri a gidan da ake kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwa.

Kafin a shiga zaɓuɓɓukan ya kamata a san inda aka dosa. Ƙa'idojin da ƙungiyar Endocrine Society ta Amurka ta fitar a 2017, waɗanda WPATH, ƙungiyar masana lafiyar masu sauya jinsi ta duniya, ta bi sahunsu a bugu na takwas na nata ƙa'idojin a 2022, sun ce a riƙe estradiyol, wato istrojin na asali, a jini tsakanin 100 da 200 pg/mL, testosteron kuma, wato sinadarin maza, ƙasa da 50 ng/dL. Wannan shi ne gwargwadon abin da ake samu a jikin macen da ba ta daina al'ada ba. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamako da wani ma'aunin, inda adadin farko yake komawa kamar 370 zuwa 730 pmol/L, na biyu kuma kamar 1.7 nmol/L. Wuce wannan iyaka ba ya ƙara komai sai haɗari. Ƙirji yakan soma tasowa cikin wata 3 zuwa 6, ya kai iyakarsa cikin shekara 2 zuwa 3, kuma girmansa yana bin gadon gida fiye da yawan ƙwaya. Murya ba ta canjawa da istrojin, tsayi da faɗin kafaɗa ba sa canjawa, gemu yakan rage ƙarfi ne kawai ba ya ƙarewa. Ƙirjin da ya fito ba ya komawa idan an daina, haihuwa kuma tana iya tafiya ba ta dawo ba, don haka wanda yake da burin samun ɗa na cikinsa ya yi wannan lissafin tun kafin ƙwaya ta farko.

Ƙwayar tazarar haihuwa da Premarin

Da wannan na fara domin ita ce aka fi sha a ɓoye, kuma ita ce nake roƙon a bari. Ta fi kowace araha, tana nan a kowane kemis daga Ƙofar Ƙaura zuwa Daura, ba ta buƙatar firji, kuma babu mai tambayar wanda ya saye ta. A ma'auni na uku da na huɗu da na biyar ta ci jarrabawa. Amma araha ba ta ado. Istrojin ɗin da ke cikin irin su Microgynon da Diane-35 ana kiransa etinil estradiyol, wanda aka ƙera shi domin hanta ta kasa narkar da shi da wuri, kuma wannan taurin nasa ne yake sa ya fi estradiyol na asali tunzura daskarewar jini nesa ba kusa ba. Likitocin asibitin Amsterdam a ƙasar Holan, waɗanda suka daɗe suna ba da shi, sun bar shi bayan sun ga yawan daskarewar jini a cikin majinyatansu, kuma binciken da suka wallafa a 2011 ya nuna masu shansa sun ninka sauran sau uku wajen mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Wannan fa a hannun likita ke nan. Mai shan ƙwaya uku ko huɗu a rana da kansa yana ɗora wa jikinsa abin da ko macen da aka yi ƙwayar dominta ba a yarda ta sha ba.

Sannan gwajin estradiyol ba ya ganin etinil estradiyol. Mutum zai biya kuɗin gwaji, sakamako ya fito ƙasa, ya ɗauka maganin bai isa ba ya ƙara. Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, shi ma wannan matsalar gare shi: gauraye ne na istrojin iri-iri da gwajin ba ya ƙirgawa, kuma haɗarin daskarewar jininsa ya fi na estradiyol.

Ƙwayar estradiyol

Wannan shi ne istrojin irin wanda jikin mace yake yi. Wadda aka fi gani a Najeriya ita ce Progynova mai miligiram 2, da likitocin mata suke rubutawa masu neman haihuwa da waɗanda suka daina al'ada. Adadin da ƙa'idojin suka bayar shi ne miligiram 2 zuwa 6 a rana, a fara daga ƙasa, kada a ƙara sai gwajin wata uku ya nuna akwai buƙata. Gwaji yana ganinta sarai. Tana zaune a cikin katinta ba ta buƙatar firji, ana iya ajiye ta a ƙasan akwati a ɗaki mai inuwa. Kuɗinta ya fi na ƙwayar tazara sosai, kuma tunda daga waje ake shigo da ita farashin yana bin dala, abin da kowa ya ɗanɗana tun faɗuwar naira a 2023. Duk da haka ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin zaɓuɓɓukan da likita zai yarda da su, kuma manyan kantunan magani na Katsina da Kano suna iya kawo ta. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a kan kowane kwali.

Aibinta shi ne tana bi ta hanta, don haka haɗarin daskarewar jini yana nan, ko da yake bai kai na ƙwayar tazara ba. Wasu suna sa ta a ƙarƙashin harshe ta narke domin kauce wa hanta. Hakan yana ɗaga adadin da ke cikin jini da sauri ya kuma sauke shi cikin 'yan sa'o'i, sai an raba shan sau biyu ko uku a rana, kuma wani ɓangare dai ana haɗiye shi da yawu. Ban ɗauki wannan dabarar a matsayin kariya ga mai shan taba ko mai sikila ba.

Filasta

A takarda ita ce zakara. Ana manna ta a ƙasan mara ko ɗuwawu, ba a kan nono ba, a canja sau biyu a mako ko sau ɗaya gwargwadon irinta, tana sakin maikirogiram 25 zuwa 200 a rana. Adadin da ke cikin jini yana zama daidai babu hawa da sauka, hanta ba ta shan wahala, kuma binciken da aka yi a kan mata masu daina al'ada ya nuna istrojin na fata bai ƙara haɗarin daskarewar jini yadda na baki ya ƙara ba. Shi ya sa ƙa'idojin 2022 suka fifita hanyar fata ga wanda ya haura shekara 45 ko ya taɓa samun daskarewar jini.

Sai dai an yi gwaje-gwajen nan ne a ƙasashe masu sanyi. A watan Afrilu a Katsina, mutum yana gumi tun safe yana watsa ruwa sau biyu ko uku, gam ɗin filasta yakan saki ta gefe, kuma filastar da ta ɗaga rabi maganin rabi take bayarwa. Ƙarƙashinta yakan yi ja da ƙaiƙayi, musamman ga mai ƙurajen zafi. Ana rage wannan da manna ta a busasshiyar fata wadda ba a shafa wa mai ba, a danne da tafin hannu na ɗan lokaci, a riƙa sauya wuri, idan ta kama a rufe ta da siririyar filastar asibiti mai hana ruwa. Babbar matsalarta ita ce samuwa. Ba kayan kemis ɗin unguwa ba ce, sai an sa an kawo daga Abuja ko Legas ko waje, kuɗinta ya ninka na ƙwaya, kuma wanda yake buƙatar maikirogiram 200 sau da yawa biyu zai manna a lokaci guda. Duk wanda zai zaɓe ta ya tabbata yana da ta wata uku a hannu kafin ya fara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Jel

Hanyarsa ɗaya da filasta ta fuskar hanta da jini, amma kullum ake shafawa. Oestrogel yana ba da miligiram 0.75 a kowace dannawa, Sandrena kuma yana zuwa a 'yan ƙananan leda na miligiram 0.5 da 1. Ba ya ɗagawa da gumi kamar filasta, kuma babu abin da wani zai gani a jiki. Akwai abin da takardar cikin kwali ba ta yi tunaninsa ba: ta Oestrogel ta ce ana iya shafawa a hannu, mu kuwa muna wanke hannu zuwa gwiwa sau biyar a rana. Mai alwala ya shafa a cinya ko saman dantse da kafaɗa, ya bari ya bushe kamar minti 5, kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan aƙalla sa'a ɗaya. Bayan wankan dare ya fi dacewa. A kiyaye kada ɗanyen jel ya shafi yaro ko wani, domin yana ratsa fatarsu su ma. Fatar wani ba ta shan jel sosai, sai gwaji ne kawai zai nuna. Samuwarsa da tsadarsa kusan ɗaya da filasta.

Allura

Ita ce aka fi yabo a bakin masu amfani da ita, kuma ita ce aka fi yin kuskure da ita. Estradiyol balaret ko saifiyonet ne a cikin mai, ana yi a tsokar cinya ko ɗuwawu, wasu kuma a ƙarƙashin fata. Ƙa'idojin 2017 sun ba da miligiram 2 zuwa 10 a mako, ko 5 zuwa 30 duk mako biyu, amma bayanan da aka tattara daga baya sun nuna saman wannan adadi yana wuce gona da iri, har likitoci da dama suka koma farawa da miligiram 5 ko ƙasa da haka a mako. Allurar mako biyu takan cilla adadin sama ƙwarai a kwanakin farko, sannan ya faɗi kafin ta gaba, mutum ya yi ta fama da ciwon kai da saurin fushi da kasala. Ƙaramar allura kowane mako ta fi babba duk mako biyu. Amfaninta na gaske shi ne sau da yawa ita kaɗai takan danne testosteron ba tare da an ƙara wani magani ba, kuma ba ta bi ta hanta a zagayen farko, ko da yake adadin da ya yi sama da yawa yana dawo da haɗarin daskarewar jini ta bayan gida.

Matsalolinta a nan namu ne na gida. Kwalbar kirki mai rajista tana da wuyar samu, abin da ake tallatawa a intanet kuwa babu wanda ya san ƙarfinsa ko tsabtarsa. Sake amfani da sirinji ko yin tarayya a kansa ƙofa ce ta ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Allurar ɗuwawu a hannun wanda bai iya ba tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ta bar mutum da jan ƙafa, ko ta zama maruru mai mugunya. A kuma sani cewa Depo-Provera da Sayana Press, allurorin tazarar haihuwa, babu istrojin a cikinsu ko kaɗan. Allura ba tare da gwajin jini ba, a ganina, ta fi ƙwayar estradiyol ba tare da gwaji ba haɗari, domin kuskuren rabin mililita yana iya ninka adadin sau biyu.

| Zaɓi | Adadin da aka saba | Haɗarin daskarewar jini | Gwaji yana gani? | Tsada da samuwa | Zafi da ajiya |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙwayar tazara | Ba a yarda da ita ba | Mafi girma | A'a | Araha, ko'ina | Tana jurewa a inuwa |
| Ƙwayar estradiyol | Miligiram 2 zuwa 6 a rana | Matsakaici | E | Matsakaiciya, manyan kantuna | Tana jurewa a inuwa |
| Filasta | Maikirogiram 25 zuwa 200 a rana | Mafi ƙanƙanta | E | Tsada, sai an kawo | Gumi yana ɗaga ta |
| Jel | Gwargwadon gwaji, kullum | Ƙarami | E | Tsada, sai an kawo | A kiyaye wanka da alwala |
| Allura | Miligiram 2 zuwa 10 a mako, ƙasa ya fi | Ya danganta da adadi | E, a tsakiyar mako | Wuyar samun ta kirki | A nisanta da rana |

Zaɓi na biyu: maganin danne testosteron

Mai shan ƙwaya ko mai filasta wanda 'ya'yan marainansa suke nan yawanci yana buƙatar magani na biyu. Sifironolakton, wanda aka sani da Aldactone, shi ne mafi araha da samuwa domin ana ba masu ciwon zuciya da kumburin ciki. Ana farawa da kamar miligiram 50 a hau a hankali, iyaka 100 zuwa 300 a rana. Maganin fitsari ne, yana fitar da ruwa da gishiri ya riƙe wani sinadarin jini mai suna fotasiyam, kuma fotasiyam idan ya taru yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama mai ƙarfi ba. A nan ne yanayinmu yake shigowa. Mai shansa da ya wuni a rana a kasuwa, ko yake azumi a cikin zafi, ko gudawa da amai suka kama shi, yana iya jin jiri idan ya miƙe, ƙodarsa kuma ta takura. Ranar gudawa ko amai a dakatar da shi har a warke, batun azumi kuma a tattauna da likita kafin watan ya kama. Haɗa shi da diklofenak ko ibufurofen da ake sha kamar gyaɗa, ko Septrin, ko magungunan hawan jini irin lisinofiril da losatan, ko gishirin masu hawan jini wanda aka yi da fotasiyam, yana ƙara wannan haɗari. Mai ciwon ƙoda ba nasa ba ne.

Saifiroteron, wato Androcur, ya fi ƙarfi nesa, kuma shi ake amfani da shi a Turai, Amurka ba ta ba shi lasisi ba. A da ana ba da miligiram 50 har 100. A 2020 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi bayan an tabbatar yana jawo ƙari a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, musamman da babban adadi na tsawon shekaru, kuma an gano miligiram 10, ko kwatan ƙwaya mai 50 wato 12.5, yana danne testosteron daidai da babban adadin. Yana iya taɓa hanta, yana ɗaga sinadarin furolaktin mai sa nono ya kawo ruwa, yana iya jefa mutum cikin baƙin ciki mai nauyi. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar tamu, kada a taɓa shi kafin a yi gwajin hanta. Na uku su ne allurorin wata-wata irin Zoladex mai miligiram 3.6, da ake yi wa masu kansar furostet, wato gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Sun fi sauran biyun sauƙi ga hanta da ƙoda, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mafi yawan mutane. Kowanne aka zaɓa, shan maganin danne testosteron shi kaɗai babu istrojin na tsawon lokaci yana cinye ƙashi, haka ma barin istrojin bayan an cire 'ya'yan maraina.

Gwajin jini, wanda shi ne rabin maganin

Kafin a fara a auna hawan jini da nauyi, a gwada suga da ƙoda da fotasiyam da hanta, a san nau'in jini game da sikila, a yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau. A shekarar farko a auna estradiyol da testosteron duk wata 3, tare da fotasiyam ga mai shan sifironolakton, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, da gwajin hanta da furolaktin ga mai shan saifiroteron. Idan abubuwa sun daidaita sai a koma sau ɗaya ko biyu a shekara. Mai allura ya ba da jini a tsakiyar kwanakin da ke tsakanin allura biyu, mai jel kada a ɗebi jini a hannun da ya shafa, kuma a riƙa yi a lokaci iri ɗaya domin a iya kwatanta sakamako da na baya. Iyakokin da ake bugawa a gefen takardar sakamako na maza ne ko na mata gwargwadon abin da aka rubuta a fom, don haka da adadin da na ambata a sama za a kwatanta.

Gwajin ƙoda da hanta da fotasiyam aikin yau da kullum ne a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Janar Amadi Rimi. Gwajin estradiyol da testosteron da furolaktin kuwa su ne dai waɗanda ake yi wa masu neman haihuwa, don haka wurin da ke yin gwajin rashin haihuwa shi ake nema, wani lokaci a aika jinin Kano. Likitocin da suka ƙware a kan homon, wato sinadaran jiki irin su istrojin da testosteron, ana samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Wasu magunguna suna cinye istrojin a hanta har ya zama kamar ba a sha ba: rifamfisin na tarin fuka, kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton na farfaɗiya, da ifabirenz a cikin tsofaffin magungunan ƙanjamau. Haɗin da ake bayarwa yanzu mai dolutegirabir ba ya yin haka, saboda haka babu dalilin da zai sa wani ya ajiye maganin ƙanjamau don tsoron ya ɓata masa homon. Kumburin ƙafa ɗaya da zafi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, tarin jini, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, duk na zuwa asibiti ne a wannan sa'ar, kuma a faɗa wa likita sunan abin da ake sha ko da ba a faɗi dalili ba. Haka ma kafin kowace tiyata. Ciwon kai mai naci da raguwar gani, ko fatar ido ta yi rawaya, na dakatar da saifiroteron ne a ga likita. Furostet yana nan bai tafi ko'ina ba, nono kuma yana buƙatar dubawa irin ta sauran mata idan an kai shekara 50 kuma an yi shekara 5 ana shan istrojin.

Wane ne ya dace da wanne

Wanda bai kai shekara 40 ba, ba ya shan taba ko shisha, ba shi da sikila ko hawan jini ko ƙiba mai yawa, babu tarihin daskarewar jini a gidansu, kuma aljihunsa matsakaici ne, ƙwayar estradiyol miligiram 2 tare da ƙaramin sifironolakton da gwajin wata uku ita ce hanyar da zai iya ɗorewa a kanta a Katsina. Wanda ya haura 45, ko yake da ciwon suga, ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko hantarsa ta taɓu, hanyar fata ce tasa: filasta idan aikinsa na inuwa ne, jel idan mai yawan gumi ne. Mai shan taba ya bar tabar tukuna, domin babu hanyar da take goge haɗarinta. Mai sikila, da wanda ya taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, kada ya fara komai sai a gaban likita, kuma ƙwayar baki ba tasa ba ce.

Allura ta dace ne da wanda yake da kwalba mai rajista, da ma'aikacin lafiya da ya koya masa yi, da kuɗin gwaji a kan kari, musamman idan sifironolakton yana sa shi jiri ko ƙodarsa ba ta ɗauka. Wadda aka cire wa 'ya'yan maraina, ko mata-maza ce ko waninta, ba ta buƙatar maganin danne testosteron, ƙaramin istrojin ta fata ko ta baki ya ishe ta, muddin ba ta yanke shi ba. Wanda kuma yake kan ƙwayar tazarar haihuwa a yau, ya daina ƙara adadi daga daren nan, ya je a auna masa hawan jini a duba ƙafafunsa, sannan a mayar da shi kan estradiyol. Idan kuɗin da ke hannunsa ba zai ishi magani da gwaji a tare ba, ya jinkirta maganin ya fara biyan gwajin ƙoda da hanta da fotasiyam.